Tukunya Ma Malama Ce

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wani darasi da babu shi a manhaja, ba a kuwa ba da takardar shaida a kansa. Amma mu da muka baro Funtuwa da Malumfashi muka zo karatu Alƙahira mun tarar shi ne jarrabawar farko mai ka da mutum, watau iya riƙe kai.

Mun tashi a ƙasar masara da dawa da auduga. Mun san huɗa, mun san maimai, mun sha rakiyar buhuna zuwa kasuwar Ɗandume. Amma ran da muka tsaya gaban murhu a garin da ba inna ba yaya, sai ga ɗan manomi bai iya talge ba, balle tuƙi. Tuwonmu na farko gudaji ne zalla, kukar da aka ƙullo mana daga gida kuwa ta ƙi kaɗuwa. Laifin wa? A gida aka hore mu cewa madafi na mata ne, yaro namiji in ya leƙa sai a kore shi da gori.

Sa'an nan ga sha'anin kuɗi. Tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, guzurin da iyaye ke aikowa ya zama kamar gishiri a ruwa. Tilas ta koya mana rubuta kowane kwabo, da haɗa kuɗin cefane, da girki bi da bi. Muka koyi ciniki da Larabcin kasuwa wanda babu shi a littafin nahawu, muka koyi sammakon bin layin sabunta takardar zama ba tare da wani kawu ya yi mana hanya ba.

Wani zai ce karatu aka turo mu, ba wanke-wanke ba. To, ya tuna da 'yan'uwanmu na Hartum. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, motocin safa aka zuba su zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki cikin hamada suna jiran izinin ƙetarawa. A irin wannan hali makin jarrabawa ba ya shayar da kowa. Wanda ya saba adana fasfonsa, da tattalin ruwa, da yi wa baƙo magana cikin ladabi, shi ke tsira da mutuncinsa, har ya tallafi na kusa da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka muna da roƙo biyu. Na farko, ƙungiyarmu ta riƙa tara masu shirin fita waje, waɗanda suka dawo su koya musu girki da lissafin guzuri tun ba su hau jirgi ba. Na biyu ya fi nauyi, kuma kanmu yake, mu da 'yan'uwa ma'aikata: kada mu koma gida mu rataye digiri a bango, mu miƙe ƙafa muna jiran ƙannenmu mata su kai mana ruwan wanka. Wanda ya tuƙa tuwo a Alƙahira ba ya da hujjar ƙyamar muciya a Malumfashi. Mu koya wa ƙannenmu maza tun yanzu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa mu gane.