Sanarwar Bayan Taro Kan Littafin Yara Mai Hotuna

Mu malaman firamare, marubuta da masu zane na gundumomin Buza, Madawa da Keita, mun yi zaman kwana biyu a garin Buza domin tsara taurari da jigon littafin hotuna da ƙungiyarmu za ta fitar da Hausa, saboda yara ƴan shekara 5 zuwa 8. Ga abin da aka tsayar.

Taro ya tuna cewa tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a lakwal, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka, littafin da yaron Adar zai buɗe ya ga gidansu a ciki, har yau sai an tona.

An sha ja-in-ja kan Gizo. Dattawanmu sun ce tatsuniya ba Gizo miya ce ba gishiri. Malaman ƙananan azuzuwa suka ce yaro na kwaikwayon wanda ya ci nasara, shi kuwa Gizo da zamba yake cin tasa. Aka raba gardama: Gizo ba zai ja labari ba, amma mai zane zai ɓoye shi a kowane shafi, yau bayan tulu, gobe a bakin rumbu, yara su yi ta nemansa.

Tauraruwar littafin ita ce Tsahara, ƴar shekara 7, mai yawan tambaya da ɗan taurin kai. Tare da ita akwai ƙanenta Illa, da kakarsu, da Agali, ɗan maƙwabtansu Buzaye, sai wata akuya marar jin kora. Mahaifinsu yana cin rani a Abijan, muryarsa kawai ake ji ta waya. Wasu sun nemi a dawo da shi gida don kada labarin ya yi nauyi. Taro bai yarda ba, domin haka gidaje da yawa suke a jihar Tawa, yaran kuma sun fi mu sani.

Jigon shi ne itace da ƙasa, kuma ba sai mun yi aro ba. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, da taimakon ƙungiyar CARE, domin tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984 aikin raya karkara na Keita ya kankama da tallafin Italiya da FAO, kuma mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu. Kakar Tsahara tana cikinsu. Ita za ta ba jikarta dashe guda, akuya ta cinye shi, yarinya ta yi kuka, ta sake dasawa, wannan karon ita da Agali su kewaye shi da ƙaya. Ba za a rufe da wa'azi ba. Yaron da ya ga akuya da ganye a baki ya riga ya gane.

An umurci masu zane su je su gani da ido kafin su ɗauki alƙalami: rumbun ƙasa mai ƙaton ciki da hular ciyawa, jan dutsen tudu, buhunan albasa a bakin hanyar Madawa, gawo tsirara da damina. Kada a mai da wata ƙabila abin dariya, kada kuma a zana mata kullum a gindin murhu.

Za a bi ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999, amma a bar wa kaka Adarancinta. Jimla biyu ko uku sun isa shafi. Kafin a kai wa cibiyar INDRAP a Yamai ta duba, za a karanta wa yara a lakwal da makarantun allo na gundumomin uku, duk shafin da suka yi hamma a kansa a sake shi.

Muna kira ga iyaye mata da suka yi aikin Keita da Majiya su buɗe wa wakilanmu ƙofa idan sun zo jin labari, masu hali kuma su taimaka da kuɗin ɗab'i.

Sakatare, a madadin mahalarta taro