Laba, Kilo Ko Niyuton? A Tambaya Kafin a Sayi Garma

Yawancin manoma sun ɗauka laba da kilo sha'anin kantin gyaɗa da auduga ne kurum. Alhali da su ne ake auna ƙarfin jan shanu, da nauyin da sarƙa ko igiya za ta jure kafin ta tsinke. In aka saƙala sikeli mai ƙugiya tsakanin sarƙar karkiya da garma, shanu suka ja, allura za ta nuna ƙarfin da garmar ke bukata.

Matsalar ita ce awon bai zama ɗaya ba. Nijeriya ta bar laba ta koma kilo a shekarun 1970, Nijar kuwa da kilo ta saba tun zamanin Faransawa, amma Amurka har yau tana amfani da laba. Littattafan injiniyoyi kuma da niyuton suke rubutu, awon da aka tabbatar da sunansa a 1948 don tunawa da Isaac Newton, masanin nan na Ingila.

Ga lissafin. Jan kilo 1 daidai yake da laba 2.2, ko niyuton 9.8. Laba 1 kuwa niyuton 4.45 ce. Mai son mayar da kilo laba, sai ya ninka biyu ya ƙara kashi ɗaya cikin goma. Laba zuwa kilo, ya raba biyu ya rage kashi ɗaya cikin goma. Niyuton zuwa kilo, ya raba goma, ya isa aikin gona.

To, ina ruwan manomi? Bijimi mai ƙoshin lafiya yakan iya jan kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa in aikin zai daɗe. Watau bijimai biyu masu kilo 300 kowanne, jansu wajen kilo 60 ne, laba 132 ke nan, ko niyuton kusan 590. A ce takardar garma ta nuna tana bukatar ja 200, ba a faɗi na mene ne ba. In niyuton ne, kilo 20 ne, ko jaki ba zai sha wuya ainun ba. In laba ce, kilo 90 ne, ya riga ya fi ƙarfin bijiman nan. In kuwa kilo ne, kafin hantsi sun durƙusa, ga gyambo a wuya, ga shuka na jira. Kuma wannan a farkon damina ne, lokacin da shanu suka fito daga rani a rame.

Saboda haka bai kamata ɗan kasuwa ya sayar da garma ko sarƙa da lamba tsirara ba, haka akawu kada ya rubuta 200 a rasit ya tsaya nan. Abin da ya fi shi ne kowa ya mayar da lambar kilo, tun da shi ke jikin sikelin kasuwa. Mai gwadawa a gona kuma ya lura, allura ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ya ɗauki tsakiya, ya kuma gwada a fadama dabam, jigawa dabam.