Fitilar Kyamara da Farar Takarda

A makon jiya wata ɗaliba mai nazarin ƙwarin da ke cin wake a rumbu ta kawo mini hotunan da za ta sa a kundin digirinta. Babu na ɗauka ko ɗaya. Ƙwaron ya koma ɗigo mai ƙyalli, bayansa baƙi ƙirin, ga kuma wata inuwa kamar rabin faifai a ƙasan kowane hoto. Ta riga ta yanke cewa sai ta ci bashi ta sayi fitila ta musamman. Na ce ta dakata.

Matsalar fitilar da ke jikin kyamara ƙanƙantarta ce. Hasken da ya fito daga ƙaramin wuri inuwarsa kaifi gare ta, kamar ta tsakar rana. Wanda ya fito daga wuri mai faɗi kuwa inuwarsa laushi gare ta, kamar ranar da hazo ya lulluɓe gari. Sannan ba a ƙera fitilar don abin da ke dab da kyamara ba, shi ya sa idan aka matso ƙwarai hancin kyamarar yakan tare hasken. Asalin rabin faifan ke nan.

Sai muka ɗauki farar takarda, muka huda ta daidai faɗin hancin, muka zura shi ciki, takardar ta tsaya a gaban fitilar, ta ɗan rusuna bisa ƙwaron. Fitila ta haska takarda, takarda ta haska ƙwaro. A nan ne mutane da yawa ke kuskure: sukan manna takardar a bakin fitila, alhali hakan rage haske kawai yake yi, bai ƙara masa faɗi ba. A bar tazarar kamar taƙi guda tsakaninsu. Ni na fi son murfin farar roba, domin iska ba ta lanƙwasa shi, amma lalle ya zama fari sol, in ba haka ba launinsa zai rine hoton.

Takardar tana shan wani kaso na hasken, don haka muka ɗaga ISO daga 100 zuwa 400, muka jingina farin kwali a gefe ya mayar da haske inda inuwa ta rage. A hoto na uku ɗigon da ke bayan ƙwaron suka fito, har da ramin da ya huda a jikin waken.