Karatu ta Intanet: Me Ya Sa Yaranmu Ke Yin Shiru a Aji?

Tun daga kullen korona na 2020 da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, karatu ta intanet ya samu gindin zama a ƙasar nan. Mu mazauna Kudu abin ya zo mana daidai, domin yaron da ke tsaron shago a Agege ko sauke tumatir a Mile 12 ba zai iya ajiye sana'a ya tafi makaranta ba. Shi ya sa matasanmu da dama suka shiga jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wasu kuma suna ƙananan kwasa-kwasai ta Zoom da WhatsApp.

To amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ina taimaka wa wani malami kula da ajin koyon lissafin kasuwanci ta waya, mai ɗalibai Yarabawa da Ibo da kuma namu. Da an jefa tambaya, sai ka ga sauran suna ta musayar ra'ayi, namu kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Alhali akwai maki a kan tattaunawar, kuma a nan ne ake gane inda ɗalibi ya ɓata a gyara masa.

Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na gano ba rashin sani ba ne. Na farko, tsoron Turanci. Wani ya ce mini, "Malam, in na yi kuskure ai rubutun yana nan, kowa zai gani." Na biyu, lokaci: ƙarfe bakwai na yamma a Legas lokacin Magariba ne da rufe shago, ga gosulo. Na uku, kuɗin data. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, zaman awa guda na bidiyo ya zama abin lissafi.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗa ba. In babu mai tsawatarwa, hira kan tsadar kaya takan juya ta koma ta ƙabilanci, a ce 'yan Arewa ne ke tsauwala farashi. Wanda ya tuna rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021 ya san magana ɗaya tana iya bin sa har rumfarsa, sai ya kama bakinsa.

A ganina, laifin na tsari ne. Ko a fadar Sarkin Hausawa ba a barin mai ƙarfin murya ya cinye zama, akwai mai ba kowa dama. Haka muka yi. Muna tura tambaya da safe, a amsa kafin gobe. Wanda rubutu ya yi wa nauyi ya turo saƙon murya, ko da Turancin buroka ne. Muka raba ajin biyar-biyar, shugabanci yana zagayawa. Siyasa da ƙabilanci kuwa, gargaɗi ɗaya ne, na biyu a cire mutum. A ƙarshe malam ya taƙaita abin da aka cimma, yana ambaton sunan wanda ya kawo kowace hujja.

Ba a yi wata guda ba, wata yarinya daga Idi-Araba da ba ta taɓa cewa uffan ba ta gyara wa ajin lissafin riba, da misalin yadda mahaifiyarta ke sarin wake.

Don haka iyaye, kafin ku biya kuɗin kwas, ku tambaya: wa ke kula da tattaunawa, kuma ƙarfe nawa ake yi? Ku kuma matasa, ku buɗe baki. Kuskure a aji ya fi kuskure ranar jarrabawa sauƙi. Allah Ya ba da ilimi mai amfani.