Ƙarshen Windows 10: Ta yaya za a koma Windows 11 ba tare da an rasa fayiloli ba?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, shekara goma bayan fitowarta. Kwamfutarka za ta ci gaba da aiki kamar kullum, sai dai duk wata sabuwar kafa da masu kutse suka gano, babu mai toshe ta. Harin WannaCry na 2017, wanda ya dagula aikin asibitoci a Birtaniya, ta irin wannan kafa ya shiga kwamfutocin da ba a sabunta ba.

A Najeriya lamarin ya fi wuya, domin da yawa daga cikin kwamfutocin ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa na hannu ne da aka shigo da su daga waje. Windows 11 kuwa tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da RAM na aƙalla 4GB, da ma'ajiya mai 64GB, sannan a ɓangaren Intel galibi sai firosesa na zubi na takwas zuwa sama. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta nuna maka ko taka ta cancanta.

Idan ta cancanta, sabuntawar kyauta ce, kuma akwai zaɓin da ke barin fayilolinka da manhajojinka yadda suke. Inda ake yin asara shi ne wajen mai gyara. Wasu sun saba da goge komai su ɗora sabuwar Windows, saboda ya fi musu sauri, sai mutum ya koma gida ya tarar babu kundin digirinsa, babu lissafin shago, babu hotunan biki. Kafin ka miƙa kwamfutarka, kwafi duk abin da kake ji da shi zuwa filash ko wata ma'ajiya ta waje, ka buɗe su a can ka tabbatar sun shiga. Ka kuma cika batiri, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya lalata shi.

Bayan sauyin, Windows na ajiye tsohon tsarin a jakar Windows.old, kuma kana da kwana 10 ka koma baya idan abin bai yi maka ba. Sabbin zubin Windows 11 na iya kulle ma'ajiya da BitLocker, don haka ka adana lambar buɗewa da ke asusunka na Microsoft. In ta ɓace, ko ƙwararren mai gyara ba zai ceto fayilolin ba.

Wanda kwamfutarsa ba ta cancanta ba, Microsoft ya buɗe masa shirin ESU na ƙarin kariya zuwa 13 ga Oktoban 2026, kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitunansa da asusun Microsoft. Dabarun tsallake sharuɗɗan da ake yaɗawa a intanet suna aiki, amma kamfanin bai yi alƙawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan kwamfutoci gyaran tsaro ba.