"A Kai Shi Gida" Ba Magani Ba Ne

A Kasuwan Garba da sauran garuruwan ƙasar Kontagora, idan ciwon daji ya ci ƙarfin mutum, magana ɗaya ake ji: "A kai shi gida, sai addu'a." Jama'a da yawa, har da wasu masu riƙe da harkar lafiya, sun yarda cewa kashe kuɗi a kan wanda ba zai warke ba asara ce. Wannan ra'ayi zalunci ne.

Ciwon da ya ƙi warkewa yana da abin da ke kwantar da shi. Matar da dajin mama ya ci ƙirjinta tana buƙatar maganin raɗaɗi mai ƙarfi, da wankin gyambo, da ma'aikaciyar jinya mai leƙo ta a ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, amma kimanin kashi 14 cikin 100 ke samu.

Kada a fake da talauci. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar Hospice Africa a Yuganda, inda ake haɗa ruwan mofin mai araha don kashe raɗaɗi. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, kuma mara lafiya kyauta yake karɓa. Yuganda ta fi mu kuɗi ne?

A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihar Neja na da shirinta na NiCare. Sai dai abin da ake ta shelantawa shi ne yawan waɗanda suka yi rajista, alhali fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. Manomi zai sayar da shanun huɗarsa ya kai mahaifiyarsa asibitin Shika ko na Sakkwato, a sallamo su, ta dawo ta kwana tana ihu. Wane amfani katin inshora ya yi mata?

Wasu za su ce mofin zai bi sawun tiramadol zuwa hannun matasa. Maganin wannan shi ne makulli da littafin lissafi da sa ido. Laifin ɗan ƙwaya ba ya hawa kan tsohuwar da ke kwance. Masu cewa a yi haƙuri kuwa, su sani addini bai hana neman sauƙi ba.

Kirana ga Dakta Kelechi Ohiri, wanda aka naɗa shugaban NHIA a 2023, da shugabannin NiCare: ku rubuta wannan kulawa ɓaro-ɓaro cikin abin da inshora ke biya, ku ajiye mofin a Babban Asibitin Kontagora, ku horar da masu jinyar da za su kai shi ƙauyuka. Da wannan za mu auna shugabancinku.