Wa Ya Shigar Da Rediyo Cikin Wayar Ofis?

Raina na ɓaci duk lokacin da na ɗaga wayar intakom a otal ko asibiti ko ofis na ji muryar mai karanta labarai tana kokawa da muryar wanda nake magana da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da ake ba ka in ka yi ƙorafi: "Ai haka take, gidan rediyo ne ke shigo mana." Daga nan a share zancen, a ci gaba da ihu a cikin waya shekara da shekaru.

Wannan magana ƙarya ce. Tashar da ke watsa shirinta a zangon da hukumar NBC ta ba ta ba ta shiga gonar kowa ba. Ba a ƙera tarho don ya kama rediyo ba. In ya kama, to ko kayan banza aka sayo, ko aikin banza aka yi, galibi ma duka biyun. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: tasha ake zagi, mai wayarin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Duk wata doguwar wayar ƙarfe eriya ce. Wadda aka ja daga akwatin rarraba kira zuwa ɗakunan bene tana kwasar siginar tashoshin AM masu matsakaicin zango, musamman in ginin yana kusa da turken watsa shirye-shirye. Wannan sigina tana kaɗawa fiye da sau 500,000 a daƙiƙa, muryar tarho kuwa tsakanin 300 da 3,400 take yawo, saboda haka kunne ba zai ji ta ba sai ta sami abin da zai tatso sautin daga cikinta. Abin da ke tatsowa kuwa shi ne dayod da tiransiston da ke cikin wayoyin araha marasa kariya, ko kuma mahaɗar waya da ta yi tsatsa, domin tsatsa tsakanin ƙarfe biyu tana yin aikin dayod. Shi ke nan, ofishinka ya zama akwatin rediyo.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗe wayoyi biyu da juna, yadda hayaniyar da ta faɗa wa ɗaya za ta faɗa wa ɗayar daidai wa daida, su kashe juna. Fiye da shekara 140 ke nan! Amma yau sai ka ga wanda ke kiran kansa injiniya ya ja shimfiɗaɗɗiyar waya marar murɗi tsawon gini guda, ko ya sami mai murɗin ya ɗauki sili ɗaya daga wannan tagwaye, ɗaya daga wancan, don bai ma san dalilin launukan ba.

Na taɓa tsayawa aka buɗe silin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Wayar tarho a ɗaure da wayar lantarki, igiya ɗaya ta haɗe su. An fere bakin wayoyin, an murɗa da hannu, an naɗe da baƙin salatif wanda zafin kwano ya narkar. Da aka ɓare, ƙarfen ya yi kore shar saboda yoyon damina. Ga ragowar wayoyin ɗakunan da aka daina amfani da su suna reto, har yanzu a jone da akwatin, kowace tana aikin eriya. Wayar atin da ya kamata ta tafi ƙasa kuwa, a bango ta ƙare. A kan wannan layi ne nas take kiran ɗakin magani da tsakar dare. Sittin da tis'in ba su da nisa a kunne ko da layi garau ne, balle ana kiɗa a ƙarƙashin magana. Wanda ya yi wannan aiki ya yi wasa da rayukan mutane, kuma an biya shi.

Mai sana'ar da ya san aikinsa da kunne yake farawa. In murya ce ko waƙa, tashar AM ce. In wani "dit-dit-dit" ne da ke zuwa kafin salula ta yi ƙara, wannan bugun GSM ne, sau 217 a daƙiƙa, wanda muka saba ji a lasifika tun shigowar GSM a 2001; a matsar da salular daga kan tebur. In kuwa gurnani ne da ba ya yankewa, a duba lantarki da atin da inbata da caja da ƙwayayen fitila na araha. Sai ya jona lafiyayyiyar waya a bakin akwatin rarraba kira. In shiru ne, cutar tana cikin ginin, sai ya riƙa cire layuka ɗaya bayan ɗaya har ya kama mai laifin. Ya yanke matattun wayoyi, ya sake mahaɗa da maƙalai na gaskiya, ya raba hanyar tarho da ta lantarki, ya naɗa igiyar wayar a zoben ferayit sau da dama ko ya sa filta a gindinta. Inda tasha take kusa sosai, ya ja waya mai sulke ya kai sulken ƙasa. Yawancin wannan aikin yini ne, kuɗinsa bai kai na kujerar manaja ba.

Masu wuraren ma ba zan ƙyale su ba. Mutum zai zuba miliyoyi a tayil da ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, in an zo kan waya sai ya ce a nemo masa mai sauƙi. A kawo masa alminiyam da aka yi wa fentin jan ƙarfe, mai karyewa da saurin ruɓewa a mahaɗa, ya yi murna ya sami rangwame.

A da, kamfanin tarho na NITEL na da cibiyoyin horar da ma'aikata a Oshodi da Kano, inda ake koya wa mutum haɗa waya kafin a bar shi ya taɓa layi. Kamfanin ya mutu, sana'ar ta zama ta kowa da kowa. Hukumar NCC ce ke da alhakin tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar, SON kuma ingancin wayoyi. Ina roƙonsu su shiga kasuwa su ga abin da ke kan kanta, su kuma buɗe wa matasan da ke wannan aiki gajeren horo mai takardar shaida.

Kai kuma mai otal, mai asibiti, mai makaranta, kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ka bi ɗaki-ɗaki a lokacin da tashar garinku take kan iska, ka ɗaga kowace waya ka saurara. In ka ji wani abu ban da muryar wanda ka kira, ka riƙe kuɗinka har ya dawo ya gyara.